Kallafawa: daga ƙarshen Baƙara zuwa "kada ki kallafa rai"

Tambaya: Malam, ina koyarwa a wata Islamiyya ta matan aure. A mako guda na ji kalma ɗaya a wuri uku har ta rikita ni. A wajen tafsiri an ce Allah ba Ya kallafa wa rai sai abin da zai iya. A gida maƙwabciyata ta shigo neman rance tana cewa wallahi ba ta so ta kallafa mini ba. Sai kuma mahaifiyata, da ta ga na kasa ajiye waya ina jiran sakamakon wani aiki da na nema, ta ce kada in kallafa rai. Kalma ɗaya ce, ko kuwa uku ne suka yi kama? Hausa ce ko Larabci? Ɗalibaina sun tambaye ni, na ce su ba ni lokaci in bincika.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Kunnenki bai yaudare ki ba, kalma ɗaya ce kika ji sau uku. Asalinta Larabci ne, amma ta daɗe a gidan Bahaushe har ta yi 'ya'ya da jikoki, kuma a cikin jimlolin nan naki uku ma'anarta ta juya sau uku.

Tushenta harufa uku ne: kaf, lam da fa. A Larabci "kallafa" na nufin "ya ɗora wa wani abin da ke da wahala". Bahaushe ya ɗauko ta yadda ya same ta, bai rage mata harafi ko ɗaya ba, kamar yadda ya yi wa 'yan'uwanta masu irin wannan awo: wallafa, sarrafa, fassara, kammala, jarraba, ƙaddara, bayyana, sallama. Duk waɗannan ta zauren malamai suka shigo, ta bakin masu fassara littafi kalma bayan kalma, daga nan suka fita kasuwa da tsakar gida. Yau in kin ce wa wata tsohuwa "kammala" baƙuwar kalma ce, sai ta yi miki dariya. Ki dai kula wa ɗalibanki da wallafa da kallafa. Shekarun da na yi ina duba takardun jarrabawa na sha cin karo da "marubucin ya kallafa littafinsa", kodayake wani littafin in ka karanta shi sai ka ce yaron bai yi kuskure ba.

Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne, a Hausa kallafawa ba ta hawa kan jaki. Je ki bakin rafi inda masu jakai ke ɗibar yashi. Za ki ji an ce a ɗora mangala, Basakkwace ko mutumin Maraɗi ya ce a aza ta, in kayan sun yi yawa a ce an lafta wa dabba ko an jibga mata. Ba za ki taɓa jin wani ya ce ya kallafa wa jakinsa mangala ba. Haka ba a kallafa tukunya a murhu, ba a kallafa tulu a ka. Nauyin da ake kallafawa ba ya hawa sikeli. Aiki ne, ko biya, ko hidima, wani abu dai da ake jiran wanda aka ɗora wa ya tashi ya yi. Saboda haka sai mai hankali ake kallafa wa. Wannan shi ya kai mu ga jimlarki ta farko, wadda a kanta zan fi daɗewa, don ita ce uwar sauran.

Wannan tushe ya zo sau 8 a cikin Alƙur'ani. Sau 7 a matsayin aikatau: Baƙara aya ta 233 da ta 286, Nisa'i 84, An'am 152, A'araf 42, Muminun 62, da Ɗalaƙ 7. Na takwas ɗin yana ƙarshen suratu Sad, aya ta 86, zan zo kansa. Ki buɗe Mus'hafi ki bi su ɗaya bayan ɗaya, za ki ga wani abu da ni kaina na yi shekaru ina karantawa kafin in lura: babu ko ɗaya da ya zo ba tare da korewa ba. Ko'ina "ba Ya kallafawa", "ba Mu kallafawa", "ba a kallafawa", sannan togaciya ta biyo baya. Wato duk inda Littafin ya ambaci kalmar, iyaka yake yi mata.

Ayar da kika ji a tafsiri tana da labari, Muslim ya ruwaito shi daga Abu Huraira. Da aya ta 284 ta Baƙara ta sauka, wadda ke cewa ko kun bayyana abin da ke cikin zukatanku ko kun ɓoye Allah zai yi muku hisabi a kansa, abin ya yi wa sahabbai nauyi ƙwarai. Suka zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka durƙusa a kan gwiwoyinsu suka ce an kallafa musu ayyukan da suke iyawa, salla da azumi da jihadi da sadaka, amma wannan aya ba za su iya da ita ba. Ya umarce su su ce mun ji mun bi. Da suka faɗa, sai sauƙi ya sauka: Allah ba Ya kallafa wa rai face abin da yake iyawa. Kin ga su kansu sahabban da wannan kalma suka kai kukansu, kuma da ita aka ba su amsa.

Kalmar da muke fassarawa da "iyawa" a nan ita ce "wus'u", danginta ɗaya da yalwa. Malaman tafsiri sun tsaya a kanta, suka ce ba ƙurewar ƙarfi ake nufi ba. Ki tsaya a kasuwar Dawanau da hantsi ki kalli 'yan dako suna sauke buhunan masara daga tirela. A cikinsu akwai wanda in an yi musu da shi zai iya saɓa buhu biyu ya yi taku goma, jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke. Wannan ƙurewar ƙarfinsa ke nan. Amma abin da zai iya yini yana ɗauka, ya koma gida ya ci tuwo, gobe ya dawo da ƙafafunsa, buhu ɗaya ne. Wannan na biyun shi ne wus'u. Mutum zai iya sallar da ta fi biyar a yini, zai iya azumin da ya fi wata guda, amma a nan aka tsaya, aikin Hajji ma sau ɗaya a rayuwa, shi ma ga wanda ya sami iko.

Daga nan malaman fiƙihu suka fitar da "taklifi", wato ɗora wa mutum hukuncin shari'a, da "mukallafi". Duk wanda ya zauna gaban malami da Ahalari a hannu ya san jimlar da littafin ya buɗe da ita, "Awwalu ma yajibu alal mukallafi", malam kuma ya bi da fassara: farkon abin da yake wajaba a kan mukallafi, inganta imaninsa. Mai littafin, Abdurrahman al-Akhdari, mutumin Aljeriya ne na ƙarni na 16, amma yaran Kano da Zariya da Damagaram sun haddace wannan jimla tun ba su san mene ne mukallafin ba. Mukallafi shi ne baligi mai hankali, wanda shari'a ke magana da shi kai tsaye. Balaga kuwa da alamominta ake gane ta, in ba su bayyana ba sai a koma ga shekaru, 18 a mashhurin mazhabar Malikiyya, 15 a wurin Shafi'iyya. Bahaushe yana da tasa hanyar faɗin wannan, wadda ta fi mini daɗi: alƙalami ya hau kansa. Daga hadisin nan ne na cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke.

Ki lura da waɗanda aka ɗauke wa. Babu mai fatan zama cikinsu har abada. A wannan ma'ana ta farko kallafawa girma ce. Ranar da uwa ta ce wa ɗanta "tashi ka yi salla, alƙalami fa ya hau kanka", ta sanar da shi ne cewa an fara lissafi da shi cikin mutane. Har ma hukunce-hukuncen nan biyar, wajibi da mustahabbi da halal da makaruhi da haram, sunansu hukunce-hukuncen taklifi, duk da cewa halal ba shi da wani nauyi. Malaman usulu, masu nazarin tushen fiƙihu, sun daɗe da lura da haka, suka ce ya shiga cikin sunan ne don rinjayen 'yan'uwansa.

To, da kalmar ta bar tsakanin bawa da Ubangijinsa ta shiga tsakanin mutum da mutum, sai fuskarta ta canza. Allah Ya san ƙarfin kowa. Mu kuwa nauyin kayan da ba a kanmu yake ba, ba mu cika saninsa ba. Shi ya sa in Bahaushe ya ce "an kallafa mini", kusan kullum akwai ƙorafi a ciki: ba ni na nema ba, ba a tambaye ni ko zan iya ba, kuma ba ni da bakin cewa a'a.

Hadisai sun yi amfani da kalmar a daidai wannan gurbi. An ga sahabi Abu Zarri a Rabaza, wani wuri a yankin Madina, sanye da tufa irin wadda yaronsa ke sanye da ita, aka tambaye shi dalili, ya kawo maganar Annabi game da waɗanda ke ƙarƙashin hannun mutum: 'yan'uwanku ne, ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kada ku kallafa musu abin da zai rinjaye su, in kuwa kun kallafa musu to ku taimake su. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. A Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imam Malik, kuma akwai huɗubar Sayyidina Usman ɗan Affan, inda ya ce kada a kallafa wa baiwar da ba ta da sana'a ta riƙa kawo kuɗi, don in an yi haka da mutuncinta za ta nemo su, kuma kada a kallafa wa ƙaramin yaro neman kuɗi, don in bai samu ba zai yi sata.

Duk lokacin da na karanta wannan huɗuba sai wata yarinya ta faɗo mini a rai. Bayan sallar isha'i ne, a wata tashar mota, ina jiran motar da ta ƙi cika. Tana zaune a gefen kwata da farantin dafaffiyar gyaɗa, ba ta fi shekara tara ba. Ta zube kuɗin a cinyarta tana ƙirgawa, ta gama ta sake, ta kuma sake, kamar in ta ƙirga sau da yawa za su ƙaru. Na tambaye ta, ta ce ba su cika ba, kuma an ce kada ta dawo sai gyaɗar ta ƙare. Ba gyaɗar ce aka kallafa mata ba, farantin bai fi ƙarfin wuyanta ba. Cinikin aka kallafa mata, abin da ba a hannunta yake ba, don ba ita ke sa mutane jin marmarin gyaɗa ba. Almajirin da aka ce lallai ya kawo kuɗin Laraba alhali iyayensa suna can wani gari ba sa aiko da ko sisi, shi ma haka. 'Yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, ita ce farkon tashi ita ce ƙarshen kwanciya, ita ma haka. Kullum muna jan ayar ƙarshen Baƙara in muna nema wa kanmu uzuri. Ban cika jin an jawo ta ba sa'ad da mu ne masu ɗora kayan.

Maƙwabciyarki kuwa ta san duk wannan, ko da ba ta taɓa buɗe Muwaɗɗa ba. Da ta ce ba ta so ta kallafa miki ba, roƙo ne ta naɗe cikin kunya. Tana shaida miki cewa ba ta da haƙƙi a kanki, ta san ke ma kina da naki, kuma in kin ce babu ba za ta riƙe ki ba. Dubi yadda "nauyi" ke aiki ta fuska biyu a nan: tana jin nauyinki, shi ya sa take tsoron ɗora miki nauyi. Amsar da aka saba bayarwa ita ce "haba, ai yi wa kai ne", ko "ai mun zama ɗaya". Da wannan amsa kin sauke kalmar daga kanta, kin mayar da abin taimakon juna. Larabawan yankin Gulf ma in an yi musu hidima sukan ce "kallafna alaik", daidai inda mu za mu ce sannu da ɗawainiya, mun sa ku hidima.

Tunda ɗalibanki za su tambaya, bari in bambanta miki ita da maƙwabtanta. Ɗora ita ce mai faɗin gida: ana ɗora kaya, a ɗora laifi, a ɗora haraji, a ɗora mutum a kan mulki, a ɗora karaya. Ba ruwanta da ko abin ya yi daɗi ko bai yi ba. Ki kuma yi mini yaƙi da masu rubuta "ɗaura" a wurinta, abin ya zama annoba a Facebook. Ɗaura aure ake yi, a ɗaura zane, a ɗaura ɗamara, duk da igiya ko ƙulli a ciki. Wanda ya rubuta "an ɗaura masa laifi" sai ka ce da igiya aka tamke masa shi a ƙugu. Tilasta kuma ƙarfi take nunawa, akwai sanda a bayanta. Rataya ta wuya ce, shi ya sa muke cewa alhaki ya rataya a wuyan wane. Ita kuwa ƙaƙaba, manna wa mutum abin da ba ya so ne, ya zauna da shi ko ya ƙi ko ya so: a ƙaƙaba wa jama'a ɗan takara, a ƙaƙaba wa saurayi mata. Lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kafafen labarai na Hausa "ƙaƙaba" suka yi ta cewa, kuma sun dace. Takunkumi tun asali abin da ake sa wa bakin dabba ne, ba aiki ne da ake jira ta yi ba.

Haraji kuwa ana kallafa shi, domin biya ake jira. Kakanninmu sun san wannan a jikinsu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da sarakunan zamaninsa ke ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba. Turawa suka zo suka daidaita haraji da jangali suka mai da su ginshiƙin baitulmalin En'e. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa kallafa wa dagatai su kawo adadin majiya ƙarfi don haƙar kuza a Jos, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. A ɓangaren Faransa sai a 1946 aka soke aikin tilas da doka. Haraji da jangali kuwa, a 1979 gwamnoni Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka sanar da soke su a jihohinsu. Ki tambayi duk wani dattijo da ya ga zamanin da ake shanya mutum a rana a ƙofar gidan mai gari don ya kasa biya, zai fassara miki kallafawa fiye da ni.

Akwai kuma wadda ba ki tambaya ba amma tana tsakanin jimlarki ta biyu da ta uku: kallafa wa kai. A nan mai ɗorawa da mai ɗauka mutum ɗaya ne. Larabci yana da siga ta musamman dominta, "takalluf", kuma ita ce ta zo a ayar Sad, inda aka umarci Annabi ya ce ba ya neman lada a kan kiransa, kuma shi ba ya cikin masu ƙaƙale. Buhari ya ruwaito Sayyidina Umar yana cewa an hana mu takalluf. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ja wannan aya a kan masu amsa abin da ba su sani ba, ya ce wanda ya sani ya faɗa, wanda bai sani ba ya ce Allah ne mafi sani. Don haka da kika ce wa ɗalibanki su ba ki lokaci, kin kuɓuta daga wani nau'i na kalmar da kike tambaya a kai.

Inda kallafa wa kai ta yi sansani a wurinmu shi ne biki. Lefe ya tashi daga abin da aka sawwaƙa ya koma gasar akwatuna. Kayan ɗaki, gara, anko kala biyu ko uku, kamu, dina, kowanne da kuɗin wurin da za a kama. Na san wani magidanci, ma'aikaci ne mai ƙaramin albashi, da ya sayar da gonar gadonsa don kada a ce 'yarsa ta tare ba da kujeru irin na 'yar wansa ba. Surukan ba su nema ba, angon ma bai nema ba. Bakin mutane ya ji tsoro, mutanen da suka ci shinkafar suka watse tun kafin la'asar. Ɗaukar Dala ba gammo ke nan. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, biyu daga ayoyin nan bakwai a kan hidimar iyali suka sauka. Ta Baƙara 233 tana maganar ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Ta Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi, Allah ba Ya kallafa wa rai face abin da Ya ba shi. Ta An'am kuwa a kan mudu da sikeli take.

In kina son ki ba ɗalibanki nishaɗi, ki gaya musu inda kalmar ta je a wasu ƙasashe. Balaraben yau in yana tambayar farashi cewa yake "kam yukallif", nawa zai ci, tsadar rayuwa kuma "takaliful ma'isha". Tun a jahiliyya mawaƙi Zuhairu ya ce ya gaji da takalif na rayuwa bayan ya shekara tamanin. A Labanan wanda aka ba aikin kafa gwamnati sunansa shugaba mukallaf har ya kafa ta. A Iran aikin gida da malami ke ba yaro taklif ne, kuma suna yi wa 'yan mata bikin taklif in sun kai shekara 9. A Pakistan da Indiya likita zai tambaye ki mene ne taklif ɗinki, wato ina ke miki ciwo. A Turkiyya mai biyan haraji shi ne mükellef, kuma a watan Agustan 1921, gab da yaƙin Sakarya da suka yi da Girkawa, jagoransu Mustafa Kamal ya fitar da umarnin da ake kira Tekalif-i Milliye, aka karɓi kashi 40 cikin ɗari na abinci da tufafin da ke hannun mutane bisa alkawarin biya daga baya. Amma a bakin Baturke na yau "teklif" tayi ne kawai, har tayin aure. Kowace al'umma ta kama gefe ɗaya ta ja.

Saura maganar Hajiya mahaifiyarki. Da farko sai ki ga kamar ba ta da alaƙa da sauran, don babu wanda ya ɗora miki komai. Amma ita ce ta fi kusa da tsohuwar ma'anar tushen. Ibn Faris, malamin lugga da ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, ya ce asalin waɗannan harufa uku shi ne ɗamfaruwa da abu da maƙalewa gare shi. Balarabe na cewa "kalifa bihi" in zuciyar mutum ta kamu da abu ta kasa saki. Duhun nan da ke fitowa a fuskar wasu mata masu ciki ya ƙi gogewa, shi ma "kalaf" suke ce masa. A cikin Adabul Mufrad, wani littafin Imam Buhari, an ruwaito Sayyidina Umar yana cewa kada sonka ya zama kalaf, kada ƙinka ya zama halakarwa. Da aka nemi bayani ya ce, shi ne in ka so abu ka maƙale masa irin maƙalewar ƙaramin yaro. Duk uwar da ta taɓa ƙoƙarin raba yaro da abin wasan ɗan maƙwabta ta san abin da yake nufi.

Za ki ji wasu na cewa ƙwallafa rai, wataƙila ma ita ta fi yawa a bakin matasa da littattafan hikaya. Ma'anar ɗaya ce, kuma ni ina ɗaukarsu tagwaye. Sai dai ƙwallafa ta fi cika baki, in aka faɗe ta kamar kana jin abin ya maƙale a maƙogwaro. Ki karɓi duka biyun daga ɗalibanki, amma ki hana su kai ƙwallafa cikin fassarar aya, can gurbin kallafa ne ita kaɗai.

Ga abin da zan so ki yi ranar da za ki ba su amsa. Ki rubuta jimla biyu a allo, ɗaya a saman ɗaya: "Allah ba Ya kallafa wa rai" da "kada ki kallafa rai a kan aikin nan". Ki ce su nemo bambancin. Za su daɗe kafin wata ta ga 'yar ƙaramar "wa" ɗin nan da ke cikin ta farko, babu ita a ta biyu. A jimlar farko rai shi ne mai ɗauka, shi ake ɗora wa kaya. A ta biyu rai shi ne kayan. Ke ce kika ciro shi kika aza a kan wata takardar ɗaukar aiki da ke kan teburin wani wanda bai san ma kina yi ba. In takardar ta faɗi, da shi za ta faɗi. Abin da Hajiya ta hango ke nan da ta ga wayar ta ƙi barin hannunki. Ba ta ce kada ki so aikin ba, ba ta kuma ce ki daina addu'a ba. Sa rai daban, wannan kowa na yi, manomi ma da ya binne iri ya sa rai. Kallafa rai shi ne sa ran da ya hana ki cin abinci.

In wata mai kaifin kai a cikinsu ta ɗaga hannu ta ce ai tana jin ana cewa "ta kallafa wa ranta son wane", da "wa" ɗin a ciki, ki ce mata ta yi daidai, ita ma Hausa ce. A nan rai ya koma mai ɗauka, son shi ne kayan, mai ɗorawa kuma ita ce mai ran. Sai ki sa ta zo allo ta rubuta ta a ƙasan waɗancan biyun.